Wa Ke Gyara Bindigar Ɗan Banga A Ƙasar Yauri?

Tun ranar 17 ga Yunin 2021, da 'yan bindiga suka afka wa Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri suka kwashe ɗalibai da malamansu, maganar bindiga ta fita daga bakin maharba ta koma bakin kowa a ƙasar Yauri. Manomin albasa da ke kwana a fadama yana yin ta, mai kwalekwalen da ke ɗauko 'yan kasuwa daga Wara yana yin ta, har da dattawan da a da ba su yarda yaro ya shigo musu gida da danƙon harbin tsuntsu ba. Ana tambayar inda ake samu, ana tambayar kuɗinta. Tambayar da ba a yi a fili ita ce, in ta lalace wa zai gyara? Ni ita ce ta hana ni sakat, domin a gidan maƙera aka haife ni a Yelwa, kuma aikin ƙarfe na koyar a makaranta har na ajiye aiki. Na san abin da ƙarfe ke yi wa wanda ya taɓa shi da rabin sani.

Wani dare bayan isha'i, ɗan wani aminina da Allah Ya yi wa rasuwa ya yi sallama da ni a zaure, yana riƙe da kwanon sha an rufe da tsumma. Da ya buɗe sai ga libarba, irin tsohuwar nan mai ganga wadda sai an ja gudumarta baya da babban yatsa kafin kowane harbi. A ƙasan akwatin mahaifinsa ya tsince ta. Tsatsa ta kama ta, sai ya kwance ta ya jiƙa a kananzir ya goge da sanfefa. Da ya ji kunamar ta yi tauri, sai ya sa magagari ya rage wani ɗan gurbi da yake zaton shi ke riƙe ta, don ya ga wani Bature yana yin haka a waya.

Ya ce, "Baba, don Allah ka duba mini. Na mayar da komai, amma wannan siririn ƙarfen da wannan ɗan sifirin sun yi saura, gangar kuma ba ta juyawa sai na taimaka mata da hannu."

Na tabbatar babu harsashi a ciki, na ce ya ɗana in gani. Ya ja gudumar ta tsaya. Na bugi ƙotar da tafin hannu, sai gudumar ta faɗa da kanta, ba wanda ya taɓa kunama. Na ce masa, "Ɗana, gode wa Allah da ta ƙi haɗuwa. Da ta haɗu, da yanzu ka sa mata harsashi ka soke ta a ƙugu." Ban haɗa masa ba, kuma ba zan haɗa wa kowa irinta ba.

A ido, wannan bindiga ba ta da wata sarƙaƙiya. Samuel Colt ya yi rajistar fasahar libarbarsa a Amurka a 1836, kuma samfurin kamfaninsa da ya fi shahara, wanda sojan Amurka suka karɓa a 1873, ƙarafan da ke motsi a cikinsa ba su da yawa. Wannan ƙarancin ne ke yaudarar mutane. Ja ɗayan nan da babban yatsa ke yi wa guduma, ayyuka uku yake yi a jere: ya saki makullin da ke riƙe da ganga, ya tura gangar ta juya zuwa rami na gaba, sannan makullin ya dawo ya kama ta a daidai lokacin da ramin harsashi ya fuskanci bututu. Wanda ya san keken ɗinki ya san in allura ta sauka kafin lokacinta karyewa take yi. A nan kuwa ba allura ce ke karyewa ba. Harsashin da ya tashi alhali raminsa bai yi daidai da bututu ba, gefen bututun yake duka, ɓarɓashin darma da wuta su fantsama ta gefe, wajen hannun mai harbi da fuskar wanda ke kusa da shi.

Abin da magagari ya ci kuma ba ya dawowa. Gurbin da kunama ke riƙe guduma ƙanƙane ne ƙwarai, kuma da gangan aka yanka shi a kan wata kusurwa. A bindigogi da yawa fatar ƙarfen kaɗai aka taurara da wuta, cikinsa mai laushi ne. Da zarar an goge fatar, kullum aka ɗana sai gurbin ya ƙara cinyewa, har ranar da zai saki ba a nema ba. Ko a masana'anta, ƙwararren ma'aikaci ne ke zama ya daidaita waɗannan ƙarafa ɗaya bayan ɗaya ga kowace bindiga, shi ya sa ƙarfen wata ba lallai ya zauna a cikin 'yar uwarta ba. Kuma ko lafiyarta ƙalau, tsohuwar ƙirar tana iya tashi in ta faɗi ƙasa a kan gudumarta, don haka masu ita a Amurka suka saba sa harsashi biyar a ramuka shida, su bar ramin da guduma ke kwance a kai fanko. Kamfanin Ruger sai da ya sake fasalin nasa gaba ɗaya a 1973 saboda wannan haɗari, daga baya ya yi tayin gyara tsofaffin kyauta. Wannan fa a ƙasar da ke da injiniyoyi da ma'aunai ke nan, balle a tsakar gida, da magagarin washin lauje da hasken tocila.

Akwai kuma abin da yaron bai sani ba. A Dokar Makamai ta 1959, wadda har yau da ita kotuna ke aiki, libarba da fistol suna cikin rukunin haramtattun makamai, jere ɗaya da bindigogin yaƙi. Lasisinsu daga Shugaban Ƙasa kaɗai yake fitowa, kuma wanda aka kama da su ba lasisi, ɗaurin da doka ta yanka masa bai gaza shekara goma ba. Gado ba ya halatta ta. Na ce ya je ya sami mai unguwa, su tafi wajen hakimi, a miƙa ta ga 'yan sanda da shaidu. Haka aka yi, kuma shawarata ke nan ga duk wanda ya tsinci irinta a kayan mamaci.

Amma libarba baƙuwa ce a ƙauyukanmu. Bindigar da ke rataye a ɗakunan Shanga da Ngaski da tungayen bakin ruwa ita ce harba-ka-ruga, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki, sai kuma mai baki ɗaya ƙirar gida da ke cin harsashin farauta. Su ne a kafaɗar 'yan banga da maharba, kuma a kansu ne gyaran tsakar gida ke yin ɓarnar da ba ta shiga jarida.

Wannan sana'a ba yau ta zo ƙasar nan ba. Richard Lander da ƙanensa John, da suka sauka a Yauri a 1830 suna bin sawun Mungo Park, sun rubuta cewa mutanen garin suna haɗa albarushi da kansu, ko da yake sun ce ba mai laushi ba ne, kuma ba su ga inda ake yin irinsa ba a wannan yanki sai nan. Daga baya, a 1890, ƙasashen Turai suka yi yarjejeniya a birnin Burasal suka taƙaita sayar wa yawancin Afirka bindigogin zamani, suka bar mana masu ƙanƙara da albarushin kasuwa. Shi ya sa harba-ka-ruga ta zauna daram a hannun talaka, kuma shi ya sa maƙeranmu suka gwanance a kanta, tun daga gyara har zuwa ƙira.

Na tashi na tarar da kakana yana wannan aiki tsakanin ƙirar fartanya da lauje da ƙugiyoyin Sarkawa. Abin da na fi tunawa ba ƙirar ba ce, ƙa'idojin ne. Ba ya karɓar bindigar wanda bai sani ba sai wani dattijo ya tsaya masa. Kafin ya taɓa komai sai ya zura sanda ya auna ko da ɗuri a ciki, ko da mai ita ya rantse babu. In ya leƙa bututu ya ga tsatsa ta yi rami, ba ya faci. A gaban mai ita zai ɗora shi a kan uwar maƙera ya daddage shi da masaba, don kada a kai wa wani ya liƙe. Mutane sun yi fushi da shi a kan haka, wasu har sun kai ƙara wajen Sarkin Maƙera, amma bai canza ba. In kuma ya gama gyara, bayan gari za a fita da ita, a ɗaure ta jikin kututture, a ja kunamar da doguwar igiya daga bayan itace. Sai ta ci wannan gwajin sannan ta koma kafaɗar mutum. Bai taɓa shiga aji ba, amma ya san ba a gwada ƙarfe da naman ɗan Adam.

Yau maƙerin kirki ba ya taɓa bindiga. Yana gani a talabijin ana jera masu ƙera makamai a gaban hedikwatar 'yan sanda, bai kuma san inda iyakar halal da haram take a wajen hukuma ba, don haka ko ɗan banga na garinsu ya kawo masa sai ya ce ya daina. Ba na ganin laifinsa. Sai dai bindigar ba ta daina lalacewa don maƙeri ya daina gyara ba. Aikin ya koma hannun mai waldar ƙofofi, da bakaniken babur, da shi kansa mai bindigar a bayan ɗaki cikin dare, sai kuma ɓata-garin da ba ya tambayar wa ya aiko ka.

Ga abin da nake gani da idona in an kawo mini bayan ɓarna ta auku. Bututun da aka yanko daga fayif ɗin ruwa, alhali fayif ɗin ruwa yana da ɗinki a tsawonsa, kuma ba don ɗaukar fashewa aka yi shi ba. Tsagar da aka rufe da walda, alhali zafin walda yana canza halin ƙarfen da ke kewaye da ita, wani wuri ya yi laushi wani ya yi gautsi. Bindigar da aka ƙera don albarushi an mayar da ita mai cin harsashin kanti, wanda ƙarfin garinsa ya wuce na albarushi nesa ba kusa ba. Kusa a madadin fil, waya a madadin noti, sifirin da aka ciro daga wani abu dabam. Sannan ƙasarmu ta ruwa ce. Tun da aka kammala madatsar Kainji a 1968 tafki ya mamaye gungu da fadama, rayuwar mutane da yawa a kan ruwa take. Bindigar da ke kwana a cikin kwalekwale tana shan danshi, tokar da albarushi ke bari a ciki tana jan ruwa, tsatsa ta riƙa ci daga ciki alhali waje na ƙyalli da man gyaɗa. Mutum ya zame a gaɓa bakin bindiga ya caki laka bai lura ba. Wadda aka rataye a bango duk damina kuwa, zanzaro ya gina ɗakinsa a cikin bututunta. Ranar da aka ji ihu cikin dare, ba mai tsayawa leƙawa.

In bututu ya fashe, hannun hagu ne ke riƙe da shi, fuska kuma tana kwance a kan ƙota. Na ga saurayi mai ƙarfi da ba zai sake jefa birgi ko riƙe fartanya ba. Abin da ya fi ƙona mini rai, irin waɗannan ba su zuwa asibiti da wuri, don tsoron tambayar da za a yi musu. Sai a ɗaure da tsumma a zuba magani a gida, sai rauni ya ruɓe sannan a ɗauki hanyar Koko da Jega zuwa Birnin Kebbi, ko a wuce Sakkwato, a lokacin da likita ba shi da abin yi sai yankewa.

Turawan da suka kawo mana bindiga sun sha wannan wuya kafin mu. Birnin Bamingam na Ingila, wanda ya ƙera ɗimbin bindigogin da aka sayar a Afirka ta Yamma, ya yi ƙaurin suna da masu arha da ke fashewa a hannu. A 1813 majalisar dokokinsu ta kafa gidan gwajin bututu a birnin, kuma har gobe yana aiki. Ana harba kowane bututu da ɗurin da ya fi na yau da kullum ƙarfi, a cikin ɗaki mai kauri, wanda ya jure a buga masa hatimi, kuma laifi ne a Ingila a sayar da bindigar da ba ta da wannan hatimi. Wato abin da kakana ke yi da igiya da kututture, su sai suka gina masa gida suka ba shi doka. Mu kuwa muka bar namu ya mutu.

Abin mamaki, ƙofar tana nan a cikin dokarmu. Ita dai Dokar 1959 da ta haramta libarba, ta ware harba-ka-ruga a rukuni na dabam, ta sa lasisinta a hannun Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha. Ta hana kowa ƙera bindiga ko haɗa ta ko gyara ta in ba a rumbun makaman gwamnati ba, wanda ke nufin shi kansa gyaran tsakar gida laifi ne, amma ta ba Sufeto Janar ikon bai wa mutum izinin sana'ar ƙera harba-ka-ruga da gyara ta, da izinin gyaran bindigogin farauta, tare da ajiye rajistar waɗanda aka ba. Na zauna da maƙera a Yelwa da kewaye, tsofaffi da matasa, ban haɗu da wanda ya taɓa jin akwai wannan takarda ba.

Don haka kirana ga Gwamna Nasir Idris, da rundunar 'yan sandan Kebbi, da Mai Martaba Sarkin Yauri Dakta Muhammad Zayyanu Abdullahi, shi ne a buɗe wannan ƙofa. A kowace gunduma a zaɓi maƙeri ɗaya ko biyu waɗanda Sarkin Maƙera da hakimi za su tsaya musu, a nema musu izinin da doka ta tanada. A ba kowannensu littafi: sunan mai bindiga, garinsu, wanda ya tsaya masa, abin da aka gyara. A buga wa kowace bindiga lamba. A ware fili ɗaya a masarauta inda za a riƙa gwaji a gaban jami'in makamai na 'yan sanda, wadda ta kasa a daddage ta nan take. Malaman aikin ƙarfe na Kwalejin Waziri Umaru da ke Birnin Kebbi za su iya koya wa maƙeran nan bambancin ƙarafa da amfani da ma'auni cikin 'yan makonni, kuma masana'antar makamai ta DICON da ke Kaduna, wadda ke aiki tun 1964, tana da masu sanin yadda ake gwajin bututu. Hannun maƙeranmu bai mutu ba. A 2024, da dorina ta addabi manoman shinkafa da masunta a Yauri har ta yi kisa, da zago ƙirar gida aka kashe ta.

Na san abin da za a ce: ba maƙera izini ƙara wa wuta makamashi ne. Ban raina wannan tsoro ba. Akwai masu ƙera wa 'yan fashi makamai, kuma akwai 'yan sa-kan da suka zubar da jinin waɗanda ba su ji ba ba su gani ba, musamman Fulanin da laifinsu kawai shi ne kamanninsu, abin da ya ƙara rura rikicin a Zamfara. Amma a duba da kyau, duk wannan ɓarna a cikin duhu aka yi ta, da bindigogin da ba lamba ba rajista. Yau in an tsinci bindiga ƙirar gida a wajen da aka yi kisa, ba mai iya cewa ga wanda ya ƙera ga wanda ya saya. Maƙerin da ke da takardar da yake tsoron a ƙwace, kuma hakimi ya tsaya masa, shi ne zai fara kai rahoton baƙon da ya zo da aikin da bai yarda da shi ba. Cibiyar da gwamnatin tarayya ta kafa a 2021 don taƙaita yaɗuwar ƙananan makamai, wadda ta sami dokarta a 2024, ba za ta iya ƙidaya abin da kowa ke ɓoyewa ba.

Kada kuma wani ya ɗauka ina cewa harba-ka-ruga ce maganin 'yan ta'adda. A watan Maris na 2022 an yi wa 'yan sa-kai kwanton ɓauna a yankin Sakaba, maƙwabtanmu na ƙasar Zuru, aka kashe fiye da sittin a rana ɗaya. Wanda ke ɗura albarushi ta baki ba ya ja da mai AK-47, ko bindigarsa sabuwa ce fil. Tsaron rai aikin gwamnati ne, da soja da 'yan sanda. Katsina ta kafa rundunar tsaron al'umma a 2023, Zamfara ta kafa Askarawa a 2024, duk don a shigar da masu aikin sa-kai cikin tsari. Amma muddin hukuma tana kiran 'yan banga taro, tana ba su babura da alawus, tana sa su a gaba su nuna wa jami'ai hanya a daji, to ta san da bindigogin da ke kafaɗarsu. Ba daidai ba ne a amfana da su da rana, a bar su da magagari da tocila da dare.

Kafin hukuma ta motsa, ga abin da nake faɗa wa duk wanda ya zo zaurena. In ka kwance ka mayar wani abu ya yi saura, ko sai da ka sa ƙarfi sannan ya shiga, ko ka goge wani wuri da magagari, wannan bindiga ba ta ɗuri ba ce kuma, ko da ta yi ƙara daidai a kunnenka. In walda ta taɓa bututu, ya gama aiki. In ba ka ga haske tas daga wannan baki zuwa wancan ba, ajiye ta. In kuma tsautsayi ya auku, a tafi asibiti a daren, a bar maganar tambayoyi sai rai ya tsira. Shugaban 'yan banga ko mai unguwa ya raka mai rauni don ya yi bayani.

Mataki na farko ba ya bukatar kasafin kuɗi. Kwamishinan 'Yan Sanda ya turo jami'i fadar Yauri, a tara Sarakunan Maƙera na Yauri da Ngaski da Shanga tare da shugabannin maharba da 'yan banga, a karanta musu sashen dokar da ya shafe su da Hausa, a maimaita a gidan rediyo: wace bindiga ce aka yarda, wace ce haramun, a wane ofishi ake neman izinin gyara, da waɗanne sharuɗɗa, kuma ina wanda ya gaji libarba zai kai ta ba tare da ya kwana a bayan kanta ba.